Roƙon Tallafi Domin Tayar da Darasin Waƙa a Makarantar Firamaren Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga iyayenmu maza da mata, da malamanmu, da masu unguwanni, da 'yan kasuwa, da duk wanda ya taɓa zama a bencin wannan makaranta ko a kan simintinta.

Mu ne 'yan kwamitin kula da makarantar firamare ta unguwarmu, a nan cikin birni, ƙaramar hukumar Dala. A cikinmu akwai wakilin mai unguwa, da liman, da iyaye mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'ar hannu, hedimasta kuma shi ne sakatarenmu. Mun zo muku da ƙoƙon bara a madadin yaranku. Muna so mu tayar da darasin waƙa ga 'yan aji ɗaya zuwa aji uku daga farkon zango mai zuwa, sai dai abin da ke hannunmu bai kai ba.

Mun san abin da zai fara faɗowa a ran wasu: ana fama da rufin aji da kujeru da ban ɗaki, sai a zo ana maganar waƙa? Ko a cikin kwamitin an yi wannan tambaya, kuma an yi ta da zafi. Gini da kujeru nauyi ne da ke kan hukuma, muna kuma ci gaba da bibiyarsa ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Tun 2019 jihar Kano ta ayyana ilimin firamare a matsayin kyauta kuma dole, a watan Yunin 2024 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Makarantun jihar suna da yawa, buƙatu sun fi yawa, kuma babu mai tsammanin littafin waƙoƙin yara zai shiga sahun gaba a kasafin gwamnati. Irin wannan ƙaramin aiki, in mutanen unguwa ba su yi shi ba, to ba za a yi ba.

Kuma darasin ba ƙirƙirarmu ba ce. Yana cikin manhajar da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ta tsara wa makarantun firamare na ƙasa baki ɗaya, a ƙarƙashin darasin al'adu da fasaha wanda malamai ke kira CCA, inda aka haɗa zane da aikin hannu da wasan kwaikwayo da waƙa. Yana nan a jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta. Abin da ke faruwa in lokacinsa ya yi shi ne malami ya rubuta a allo cewa kayan kiɗa sun kasu kashi-kashi, akwai na bugawa, akwai na busawa, akwai na tsirkiya, yara su kwafa su rufe littafi. Ba laifin malamin ba ne. Ba shi da littafi, ba shi da kayan aiki, ajinsa a cike yake maƙil, kuma in ya ce yara su ɗaga murya sai ajin da ke maƙwabtaka da shi ya kasa jin darasin lissafi.

Duk wanda ya yi Islamiyya a garin nan ya san ƙarfin da rerawa ke da shi wajen riƙe karatu. Mutum ya kai shekara hamsin, ya manta sunayen rabin 'yan ajinsu, amma ka ɗauko masa baitin farko na waƙar rukunan Musulunci ko ta watannin Hijira sai ya ƙarasa maka ita har ƙarshe. Malaman da suka gabata sun san haka, shi ya sa suka tsara nahawu da fiƙihu da tajwidi cikin baitoci don ɗalibi ya haddace. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da waƙoƙi ta karantar da matan karkara. Tana rubutawa da Fulatanci da Hausa da Larabci, malamai mata da ake kira jaji su haddace su kai wa mata ɗalibai, wato 'yan taru, a ƙauyuka, mata su riƙe suna rerawa a wajen daka da kaɗi. Hanya ce tamu ta gado, ba baƙuwa ba.

Akwai wata malama a aji ɗaya da ta fara gwada wannan hanya da kanta, ba tare da kowa ya sa ta ba, kuma abin da muka gani a ajinta shi ya ƙarfafa mana gwiwa. Takan kifa ƙwarya a kan tsumma a bisa teburinta. Ta faɗi kalma, yara su tafa sau ɗaya ga kowace gaɓa: ka-za tafi biyu, ta-bar-ma tafi uku, ma-ka-ran-ta tafi huɗu. Daga nan ta jera kalmomin cikin ɗan kari, ita tana bayarwa su suna amshi, tana bugun ƙwaryar da zoben hannunta don kada su yi gaba ko su yi baya. Sai bayan sun riƙe da baki sannan ta rubuta a allo, ta kira su ɗaya bayan ɗaya su nuna gaɓar da ake tafawa. A layin baya akwai wata yarinya da aka daɗe ba a ji muryarta ba, ko sunanta aka kira sai dai ta sunkuyar da kai. Cikin amshi ta fara buɗe baki, saboda muryarta tana ɓuya a cikin ta sauran. Yanzu ita malama ke miƙa wa bayarwa in za ta leƙa ofis. Karatun Hausa da boko a kan gaɓa yake tafiya, yaron da kunnensa ya saba raba kalma gaɓa-gaɓa kuwa ya yi rabin aikin kafin ya riƙe fensir. Haka nan bambancin da ke tsakanin baƙaƙe masu ƙugiya da marasa ƙugiya, wanda manya ma ke tuntuɓe a kansa wajen rubutu, kunne ne ke fara kama shi kafin ido.

Ga kuma taken ƙasa. A ranar 29 ga Mayun 2024 aka sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken da aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Yawancin malamanmu bayan 1978 aka haife su, a waya suka koye shi, kowa da irin karin da ya ɗauko. Ku zo taron safe wata rana ku saurara. Layin aji shida na gaba da baiti guda, 'yan aji ɗaya na bin sauti kawai ba su san me suke faɗa ba. Wanda zai tsaya ya koyar da shi layi-layi, ya fassara musu ma'anarsa da Hausa, shi muke nema.

Amma abin da ya fi damunmu ba wannan ba ne. Iyayenmu mata za su tuna dandali, lokacin da 'yan mata ke fitowa bayan isha'i a farin wata su yi gaɗa, a yi da'ira, ɗaya ta faɗa hannun ƙawayenta su cafe ta su ɗaga, ana tafi ana amshi. Maza na can suna langa. In azumi ya kai kwana goma a fito tashe da gwangwanaye da gemun auduga, a bi gida-gida ana wasa da ragwanci da rowa da kwaɗayi, a yi dariya kuma a ɗauki darasi. Yau filayen sun zama shaguna da gidaje, iyaye na tsoron barin yara su fita da dare, kuma suna da gaskiya. Tashen ma wasu shekarun dakatar da shi ake yi saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi. To amma yaro bai daina waƙa ba don an rufe dandali. Ku tsaya a bakin ƙofar makaranta lokacin tara ku ji abin da 'yan shekara bakwai ke rerawa suna cin awara. Abin da suka tsinta ne a wayar yayyensu da lasifikar Adaidaita Sahu, har da kalmomin da in suka san ma'anarsu ba za su iya faɗa a gaban mahaifinsu ba. Tsawa ba ta cire waƙa daga bakin yaro. Wata waƙar ce ke ture ta, in ta fi ta daɗi.

Mun san akwai iyayen da zuciyarsu ba ta kwanta da duk abin da ya shafi kiɗa ba, muna kuma girmama wannan. Ba mu zo mu yi fatawa ba, ba aikinmu ba ne. Mun zauna da limaminmu da malaman Islamiyyar unguwa, muka tsaya a kan iyakar da kowa ya amince da ita. Darasin na murya ne da tafi. Abin bugawa ba zai wuce ƙwarya da mandiri da shantu ba, don riƙe kari kawai. Babu rawa tsakanin maza da mata, babu gayyato mawaƙan biki, kuma babu baitin da zai shiga bakin yaro sai liman da malamin Hausa sun karanta shi sun sa hannu. Duk uban da har yanzu bai gamsu ba, ya zo ya zauna a bayan aji ya saurara. In ya ce a cire ɗansa, za a ba yaron aikin zane a wannan lokacin, ba mai tsangwamarsa.

Babban abin da za mu kashe wa kuɗi shi ne littafi. Muna so mu tattara waƙoƙin reno da na gaɗa da na tashe masu tsafta daga bakin tsofaffin unguwa, mu haɗa da sababbi a kan ƙirga, da kwanakin mako, da wanke hannu, da tsallaka titi, da ladabin gaisuwa, da tarihin Dala da ganuwa da ƙofofin gari. A buga shi da manyan baƙaƙe, kowane benci ya samu kwafi. Wannan aiki ba ya jira. Tsohuwar da ta san baitocin nan, in ta rasu da su ta tafi, kuma kowace shekara muna binne wasu. Bayan littafi sai alawus na malami ko malama mai horo daga kwalejin ilimi, wanda zai riƙa zuwa ranar Alhamis bayan tara, ya koyar da yara kuma ya horar da malamanmu uku har su iya riƙe darasin da kansu. Ba ma son abin da zai mutu ranar da kuɗin gudummawa ya ƙare. Sai rumfar kwano a gindin darbejiyar da ke ƙarshen fili, nesa da sauran azuzuwa, da tabarmin da za a shimfiɗa. Sai ƙore da mandiri, waɗanda a kasuwar Kurmi za mu saya, da lasifika ƙarama mai caji da ɗan faifan sola, tunda wuta ba abin dogaro ba ce.

Kiyasin kuɗin kowane abu, da takardun farashin da muka karɓo daga maɗaba'a da wajen kafinta, suna manne a allon sanarwa na ƙofar makaranta. Kowa na iya zuwa ya duba, ya kuma gaya mana in ya san inda za a samu da rahusa.

Ba kuɗi kaɗai muke roƙo ba. Hajiya, in kina da waƙar da kakarki ta yi miki reno da ita, ki aiko a gaya mana, matan kwamiti za su zo har ɗaki su ɗauka a waya, ba sai kin fito ba. Malam, in Allah ya ba ka baiwar tsara baiti, ka rubuta mana huɗu ko biyar da yaro ɗan shekara shida zai iya riƙewa. Ɗalibanmu da ke sashen Hausa a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi, muna buƙatarku wajen rubutawa da gyaran ƙa'idar rubutu. Kafinta ya ba mu yini guda. Mai kwano ya ba mu falle biyu. Yayyenmu da ƙannenmu da ke Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Dawanau, da waɗanda aiki ya kai Abuja ko Legas ko ƙasar waje, a nan kuka koyi rubuta sunanku. Ba mu yanka wa kowa adadi ba.

Muna so a fahimci abu guda sarai: wannan ba haraji ba ne a kan ɗalibai. Ba za a aiko yaro gida ya karɓo ko sisi ba, ba za a karanta sunan wanda bai bayar ba, kuma ɗan wanda ya bayar da ɗan wanda bai samu hali ba tabarma ɗaya za su zauna. Duk wanda ya zo muku da sunan makaranta yana neman kuɗi ba tare da littafin rasidi mai hatimin kwamiti ba, kada ku ba shi.

Ana karɓar gudummawa a ofishin hedimasta daga Litinin zuwa Alhamis a lokacin makaranta, ma'ajin kwamiti zai rubuta rasidi nan take. Mai son turawa ta banki zai samu lambar asusun kwamiti a allon sanarwa, asusun da ba a cire komai daga cikinsa sai da sa hannun shugaba da ma'aji da wakiliyar iyaye mata. Wanda ya fi son a ɓoye sunansa za mu ɓoye. A taron iyaye na ƙarshen zango za mu karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe dalla-dalla, a manna kwafinsa a ƙofa, a kuma tura shi a zauren WhatsApp na iyaye. A wannan taron ne 'yan aji ɗaya zuwa uku za su rera muku abin da suka koya, in Allah ya kai mu.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa a mizani, ya shirya mana zuri'a, ya jiƙan malaman da suka koyar da mu a wannan makaranta.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin kula da makaranta, a madadin iyaye da malamai.