Wasiƙar Godiya Ga Garejin Rewaya (Mai Gyaran Wutar Mota) Na Kusa Da Gadar Pen Cinema, Agege

Assalamu alaikum, Maigida, kai da yaran aikinka baki ɗaya.

Da na ce maka zan rubuta wannan takarda, ka roƙe ni kada in sa sunanka, kuma na cika alkawari. Amma yabon gwani ya zama dole, kuma ina so 'yan'uwanmu masu mota a Agege da Mile 12 da Idi-Araba su ji irin aikin da ka yi min.

Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake sayarwa a Mile 12. Motata Toyota Corolla ce ta 2010, tokumbo daga Amurka. Kusan wata biyar kenan kullen ƙofofinta ya hana ni sakewa. Yau in danna rimot ƙofa huɗu su kulle lafiya lau, gobe in danna in ji ƙarar kullewa, in tafi abina, sai na dawo in tarar ƙofar direba a buɗe take tun safe. Ranar da aka kwana ana ruwa kuwa, ba rimot ba, ko maɓallin jikin ƙofa ba ya motsa komai. Wanda ya san Legas ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kana cikin goslo da dare a Oshodi, kuɗin ciniki na ƙarƙashin kujera, iyalinka na baya, kana danna maɓalli ba ka da tabbacin ƙofa ta kama. Akwai daren da na riƙe marikin ƙofa da hannun hagu tun daga Ojota har gida.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne da zarar na kai ta gaban mai gyara, sai ta yi aiki tamkar sabuwa. Wurare uku na je kafin naka. Na farko ya ce batirin rimot ne, aka sa sabo. Na biyu ya ce ɗan injin da ke cikin ƙofa ne, mai ja da sakin kulle, na je har Ladipo na sayo wani aka ɗaura, kwana biyu cuta ta dawo. Na uku ko ƙofar bai buɗe ba ya ce sai an canza burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa motar. A nan ne gabana ya faɗi, wani maƙwabcin rumfata ya ce in zo wurinka tukuna.

Ranar da na zo ba ka taɓa sufana ba sai da ka zaunar da ni a benci ka yi min tambayoyi kamar likita. Ƙofa ɗaya ce ke ƙi ko dukkansu? Da rani ta fara ko da damina? Na taɓa shiga ambaliya da ita? In na wangale ƙofar sosai, abin yana ƙaruwa? Ban taɓa lura ba sai da ka tambaya: lallai in na fito na bar ƙofar a wangale na ɗauki kaya, a ranar ne take ƙin kullewa. Na kuma tuna daminar bara ruwa ya taɓa shigo min har kan kafet a wajen Ketu. Sai ka ce, "Alhaji, ina jin cuta biyu ce ke damun motar nan, shi ya sa ta rikita mutane."

Daga nan ka bi abin daki-daki. Ka auna batirin rimot, ɗan ƙaramin nan mai volt 3, lafiyarsa ƙalau. Ka auna batirin mota, ya nuna 12.6. Ka duba fis, ka jona kwamfuta a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari, ba ta nuna komai ba, ka ce kada in yi mamaki, wayar da ke yankewa tana haɗewa ba kullum take barin alama a kwamfuta ba. Ka kuma ja min kunne kada in yarda a sayar min da rimot ɗin motar Turai, domin na Amurka a zango 315 yake magana, na Turai a 433, ba sa jin yaren juna.

Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da ka cire bangon ƙofar, ka jona ƙwan fitila a wayar da ke kai wuta ga ɗan injin kulle, ka sa yaro ɗaya yana danna maɓalli, ɗaya yana buɗe ƙofa yana rufewa a hankali, kai kuma kana murza robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Fitila na kamawa, na kamawa, ƙofa na kaiwa ƙarshen buɗewa sai ta ɗauke. Ka janye robar, wayoyi duk fatarsu lafiya a ido. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa har ka kai kan wadda ta yi laushi a tsakiya. Da ka yanka ta, tagullar ciki ta kakkarye, sili biyu ko uku kaɗai suka rage. Ka bayyana min cewa shekara da shekaru ana buɗe ƙofar direba ana rufewa, wayar na lanƙwashewa a wuri guda har ta gaji. Ka ce da mita kaɗai aka auna, za ta yi ƙara ta ce waya lafiya, tunda sili ɗaya ya ishe ta, amma ba zai ɗauki wutar da injin ke ja ba. Shi ya sa kake gwadawa da fitila mai cin wuta.

Cuta ta biyu ta fi wahalar kamawa, ka ce in bar motar ta kwana biyu. Na san wani zai gyara ta farkon ya karɓi kuɗinsa ya sallame ni. Kai kuwa ka sa aka yi ta fesa mata ruwa da tiyo har sai da kulle ya ɗauke gaba ɗaya a gabanka. Ka ɗaga kafet ta gefen ƙafar direba, ka samu soket ya yi kore da tsatsa, wayar at, wato mai mayar da wuta jikin mota, da ke ɗaure a jikin ƙarfe ita ma ta ci. Ruwan Ketu ne ya kwanta a wurin, danshin Legas ya ƙarasa aikin.

Gyaran ma ba na salatef ba ne. Ka cire guntun wayar gaba ɗaya ka zura sabuwa mai laushi, ka liƙe da dalma can cikin ƙofa da can cikin jikin mota, nesa da inda take lanƙwashewa. Ka kankare tsatsar, ka shafa giris, ka shanya kafet a rana. Burenbos ɗin da aka ce ya mutu ko taɓa shi ba a yi ba. Tsohon injin da aka cire min, wanda ke yawo a but, ka gwada shi ka ce lafiyarsa lau, in adana. Kuɗin da ka karɓa bai kai wanda na kashe a wurare ukun nan ba, kuma bayan mako guda kai da kanka ka bugo waya kana tambaya ko ta sake yi.

Ba ta sake ba, Maigida. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sau uku tun daga ranar, kuma kowace safiya ƙofa huɗu suna kullewa tare.

Ka gaishe min da yaran nan biyu da suka wuni suna buɗe ƙofa suna rufewa ba su gaji ba. Allah ya sa albarka a sana'arka, ya jiƙan magabatanka, ya raya maka zuri'a. Buhun albasar da na aiko na gida ne, don Allah kada a mayar min da shi.

Naka,
Wani ɗan kasuwar albasa, Mile 12, Legas