Wasiƙa zuwa ga abokina kan sharar gida a wannan hutun

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kwana biyu, ya iyali, ya yaran? Da fatan kowa lafiya. Ka ji ni shiru ko, ka yi haƙuri, hutun bazarar nan ne ya riƙe ni, yara duk suna gida kuma ka san in suna gida komai ninkuwa yake, har shara.

Maganar sharar ce ma ta sa na zauna rubuto maka. Kwandonmu da yake kai kwana huɗu bai cika ba sai ga shi kullum maƙil, ran nan na ce bari dai in ga me ke ciki, na shimfiɗa tsohon buhu a tsakar gida na zazzage shi kaf. Wallahi raina bai min daɗi ba. Fiye da rabi ragowar abinci ne da ɓawon kayan lambu, sai ledoji, robobin ruwa da na lemo, kwalaye, gwangwanaye. Abincin ya fi tsaya min a rai don wani ba lalacewa ya yi tun farko ba, an dafa ne ya yi yawa aka tura can ƙuryar firij aka manta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 kaɗai an zubar da abinci sama da tan biliyan 1, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, irin nawa da naka kenan. In aka binne shi a bola babu iska kuma gas ɗin metan yake fitarwa mai ƙara ɗumamar yanayi.

Sai muka zauna da maman yara muka rage yawan girki, ragowar jiya kuma ita ake fara ajiyewa a gaba-gaba a firij a ci kafin a ɗora sabo. Ɓawo da sauran ɗanyen abu muna zubawa a wani tsohon bokiti da na huhhuda don su zama taki, a bi da busasshen ganye da yagaggen kwali, a juya duk bayan kwana uku. Satin farko ya yi wari sosai don jiƙaƙƙen ya fi yawa, da na ƙara busasshen sai warin ya ɗauke, yanzu in ka tura hannu tsakiya za ka ji ɗumi. Banda nama da mai fa, su ne ke janyo ƙuda da ɓera.

Yaran na ba su aikin rarrabewa, auta ita ce mai duba lambar gindin roba, wannan da ke cikin ɗan alama mai kusurwa uku daga 1 zuwa 7, mai nuna irin robar. Lamba 1 da 2 su aka fi karɓa a wuraren sake sarrafawa, amma sai an ɗauraye an bar su sun bushe, kwali ma in ya sha mai ya tashi daga aiki. Gwangwanin alminiyom kam kar ka yarda ya tafi bola, narka tsoho yana rage kusan kashi 95 na makamashin da ake kashewa wajen yin sabo.

Amma gaskiya kar roba ta ruɗe ka, a duniya gaba ɗaya wajen kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba ake sake sarrafawa, shi ya sa ni yanzu ƙarfina a bakin ƙofa yake, abin da bai shigo ba ba sai na nemi inda zan kai shi ba. Jakar yadi in za a je cefane, kowane yaro da gorar ruwansa in za mu fita yawo, shikenan kwandon ya koma kai kwana biyar. Dan Allah kuma kar ka bari a ƙona leda, hayaƙin guba ne ga ƙirjin yara, batir ma ware shi daban don na litiyom, irin na wayar hannu, yana iya kamawa da wuta a motar shara.

Auta tana so mu yi shuka ranar 22 ga Afrilu, Ranar Duniya ta kare muhalli da aka fara tun 1970, na ce mata takinmu ba zai nuna ba sai nan da wata biyu ko uku, za mu fara da ƙasa zalla tukuna. In naka yaran ma suna hutu ka zazzage kwandonka sau ɗaya ka faɗa min me ya fi yawa a ciki. Ka gaida madam da yaran sosai.

Naka,
abokinka