Saƙon da ya makara a hanya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya iyali? Da fatan kowa lafiya. Na ga tambayarka kan manhajar hirar da kuke ginawa, cewa in mutum ya kunna data tsofaffin saƙonni na faɗowa kamar yanzu aka turo su. Don Allah kar ku ɗauki wannan ƙaramin abu, tun da daɗewa masu XMPP, wata ƙa'idar aika saƙonnin hira ta intanet, suka yi fama da shi kuma suka samo mafita.

Ka san XMPP daga Jabber ya samo asali, wanda Jeremie Miller ya fitar a 1999. To a can in ka turo saƙo wanda ka turo wa ba ya kan layi, saba, wato kwamfutar da saƙonni ke bi ta cikinta, ce ke riƙe shi, sai ranar da ya dawo ta miƙa masa. Amma ba ta miƙawa haka nan tsirara, tana liƙa masa wata ƴar alama mai suna delay, ƙa'idarta tana cikin takardar XMPP mai lamba XEP-0203. Abu biyu ne a ciki: from, wato wa ya riƙe saƙon, sai stamp, wato lokacin da aka turo shi tun farko. Wani lokaci har dalili ake rubutawa a ciki, misali an ajiye ne don mutum baya nan.

Ka duba wannan. Wani ya rubuta wa ƙaninsa da ƙarfe tara na dare "kar ka fito, na fasa zuwa", wayar ƙanin ta mutu, sai da safe ya yi caji ya kunna, in babu stamp ɗin nan saƙon zai fito da lokacin safe ne, yaron ya ɗauka maganar yau ake yi ya fasa tafiyar da ke gabansa alhali maganar jiya ce ta riga ta wuce. Wallahi irin wannan na raba zumunci.

Lokacin kuma da agogon UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, ake rubuta shi, kamar 2024-03-10T21:05:00Z, harafin Z na ƙarshe shi ke nuna haka, manhajar kowa sai ta juya shi zuwa agogon inda yake. Tsohuwar hanyar XEP-0091 ita ma tana nan a wasu tsofaffin manhajoji, kwanan watanta a cunkushe yake babu layukan tsakani, an daina amfani da ita, amma ku koya wa taku karanta ta in ta ci karo da ita.

A guruf ma haka ne, in ka shiga ɗaki aka zubo maka hirar baya, kowane saƙo da tambarinsa, shi ya sa waya ba za ta yi ta ƙara kan maganar da aka gama tun shekaranjiya ba. Masu IRC, wani tsohon tsarin hira ta intanet, su ma daga baya sun ƙaro nasu tambarin lokacin, server-time.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe: mai turowa na iya ƙirƙirar stamp na ƙarya ya mai da saƙonsa baya. Ni dai shawarata ku fi yarda da wanda sabarku ko ɗakin ya buga, ku kuma ajiye lokacin isowa daban.

In kun gwada ka sanar da ni yadda ta kaya. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
abokinka