Ɗumi da hasken da zabiyan kwaɗo yake buƙata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin masu kiwon zabiyan kwaɗon nan na Kudancin Amurka da ake kira Pacman.

Wannan kwaɗo yana buƙatar ɗumi na digiri 24 zuwa 28, abin da ba ya samuwa a daren hunturu a nan Jos. Da farko na sa faifan ɗumama, wato shimfiɗar lantarki mai ba da zafi, a ƙarƙashin akwatin gilashinsa, ban san cewa idan zafi ya dame shi ƙasa yake tonawa ya nutse ba, wato garin gudun zafin sai ya ƙara kusantarsa. Da na ga fatarsa ta fara bushewa, hankalina ya tashi, na mayar da faifan jikin gefen akwatin, na haɗa shi da na'urar da ke kashe shi idan ɗumin ya isa.

Jajayen idanunsa kuwa ba sa jure haske mai ƙarfi, domin ba su da launin da ke kare su. Ƙwan fitila maras ƙarfi da za a kunna na awa 12 a kullum ya wadatar, tare da ganyen da zai fake a ƙarƙashinsa, kuma kada a ajiye akwatin a bakin tagar da rana ke bugawa.

Naka mai karatu,
daga Jos.