Wasiƙa zuwa ga Lawal: Baƙon da ke kwana cikin bakteriya

Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Aminina Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya, hunturu kawai ke gasa mana aya a hannu.

Ka tambaye ni a waya abin da ya sa mashaƙon da ya addabi Kano da Katsina da Yobe a 2023 yake da mugun dafi haka. To, asalin dafin ba na bakteriyar ba ne. Wani bairos ne da ya kwanta a cikinta ya kawo mata shi. Haka abin yake ga kwalara, an gano hakan a 1996.

Ka san bakteriya ma tana da nata masu cutar da ita. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani shi ne bairos mai suna lamda, wanda masaniyar kimiyya Esther Lederberg ta gano a cikin E. coli, wata bakteriya da ke zama a hanji, a farkon shekarun 1950. Idan ya shiga, furotin ɗinsa biyu ne ke kokawa, CI da Cro. Cro ya yi nasara, sai bairos ya hayayyafa, cikin kamar awa ɗaya ya fasa bakteriyar ya fito. CI ya yi rinjaye, sai bairos ya liƙa DNA ɗinsa (wato sinadarin gadonsa) a jikin nata ya yi lamo, duk lokacin da ta rabu biyu da shi a ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne farkawar. Kamar baƙo ne mai barci da kunne ɗaya, yana jin ƙaurin gobara sai ya tattara ya fice. Da zarar wani abu ya lalata DNA ɗin bakteriyar, misali hasken ultrabayolet, furotin ɗinta mai suna RecA yakan sa CI, wanda shi ke riƙe da bairos cikin barci, ya datse kansa, shi ke nan bairos ya tashi. Masanin kimiyya André Lwoff ya nuna tasirin wannan haske tun 1950.

Ga inda abin ya shafe mu. Maganin ciprofloxacin, wato sifro, ma yana taɓa DNA, don haka a irin E. coli mai dafin da ake kira Shiga, mai jawo gudawa da jini, yana iya tayar da bairos ɗin da ya kawo mata dafin, dafi ya ƙaru. Shi ya sa gabana ke faɗuwa in na ga mai gudawa da jini ya wuce kemis ya sayi sifro ba tare da ganin likita ba. Don Allah ka ja kunnen mutanen gidanka.

Ka gaida Hajiya da yara. Yaushe za ka leƙo mu?

Naka,
Kabiru