Wasiƙa daga dajin mepul a Kebek

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya ƙarfin jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Ka yi haƙuri da shirun da ka ji, wallahi tun da kakar tatsar ruwan itacen mepul, wanda ake dafawa ya zama maɗi, ta kama a watan Maris ban samu kaina ba, sai yanzu da muka rufe. Na ga saƙonka kan injin piya watan da kake kula da shi, wai membiren ɗinku, wato fatar tacewar da ke cikin injin, ba ya shekara yake mutuwa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka da tsawo don irin injin nan na RO, mai tura ruwa da matsi ta cikin membiren ya tace shi, shi nake kwana da shi nake tashi a nan.

Gonar da nake aiki tana yankin Beauce ne a lardin Kebek, kuma lardin nan shi kaɗai ke fitar da wajen kashi 70 cikin 100 na maɗin mepul na duniya. Na ce maɗi don shi ya fi kama da shi, ka tuna maɗin ɗinya ko ruwan rake kafin ya daskare ya zama mazarƙwaila. Idan dare ya yi sanyin ƙanƙara rana kuma ta ɗan saki, sai ruwa ya dinga sauka daga itatuwan ta cikin tiyo har tanki, fari tas kamar ruwan famfo, sukarin cikinsa bai wuce kashi 2 ba, shi kuma maɗin doka ta ce sai ya kai 66. Kusan lita 40 ke ba da lita 1. Da da wuta kaɗai ake ƙone wannan ruwan, daga shekarun 1970 ne aka fara saka RO, injin ya matse ruwan ya fitar da mafi yawansa kafin a kai tukunya. Ka ga ku ruwan da ya ratsa membiren shi kuke ƙullawa a leda ku zubar da sauran, mu kuma sauran ne kuɗin.

To amma wancan ruwan da ya ratsa, wanda suke ce wa filtra da Faransanci, ba ma wasa da shi ko kaɗan. Tanki guda aka ware masa, da shi ake duk wani wanki da ɗauraya, saboda ba gishirin ƙasa a cikinsa ba kulorin. Ranar farko mai gonar ya kama hannuna ya kai ni gaban famfon rijiya ya ce wannan kar ya taɓa injina, na gari kuwa da ake zuba wa kulorin ya fi muni, cin fatar membiren yake kuma in ya ci ya ci kenan ba gyara. Dan Allah ka duba wannan a wajenku, in kuna zuba kulorin a tanki kafin injin to ku tabbata tukunyar gawayin nan tana cire shi.

Kullum in an gama tacewa, ko ƙarfe nawa ne, farko sai in tura filtra ya koro sukarin da ya rage a ciki zuwa tankin dafawa don wannan ma maɗi ne, sannan in canza ƙaramin matacin gaba mai maikiron 5, wanda da safe fari ne amma zuwa dare ya koma ruwan ƙasa yana santsi a hannu kamar an tsoma shi a miyar kuɓewa. Sai in haɗa sabulun a ƙaramin tankin wanki, asalinsa soda ce irin ta masu haɗa sabulu, ina sa safar hannu da tabarau don ɗigo ɗaya a ido ba ƙaramin abu ba ne, in auna da takardar gwaji har pH, wato ma'aunin tsami ko ƙarfin sodar ruwa, ya zo tsakanin 11 da 12. Daga nan injin ya yi ta juya ruwan shi kaɗai, ruwan na ɗaukar ɗumi a hankali saboda gudun da yake yi a cikin famfon injin mai tura ruwa, ni kuma idona na kan agogon zafi, namu a digiri 43 yake tsayawa don in ya haura 45 membiren ya fara lalacewa. Ruwan da ya shiga garau sai ka ga ya dawo kalar shayi da kumfa a kai. Ɗauraya ita ce mai cin lokaci, ruwa mai yawan gaske, ba na tsayawa sai takardar gwajin ta nuna ba sauran soda, abinci ne fa, yara ne za su zuba shi a kan fankek da safe. Lokaci lokaci kuma in gishirin ƙasa ya kama sai a yi wankin tsami da sitirik asid, amma sai an ɗauraye sodar tas tukuna.

Akwai daren da ba na mantawa, ƙarshen Maris cikin azumi, ruwa ya yi ta sauka har wajen biyun dare, gajiya ta kama ni ga sahur na matsowa sai na ɗauraye kawai na ce gobe na yi wankin sabulu. Daren bai yi sanyi ba, kuma ɗakin injin da ɗumi. Washegari na kunna, matsi ya hau amma ruwan da ke fita ya ragu sosai, tankunan waje na cika muna kallo. Ƙwayoyin cuta ne suka samu ɗan sukarin da ya kwana suka yi yauƙi a jikin membiren. Wanki biyu muka yi da jiƙo na sa'o'i kafin ya dawo, kuma ruwan da ya jira a tanki ya fara gurɓata, maɗin ranar ya fito da duhu. Dattijon mai gonar bai yi min faɗa ba, littafinsa kawai ya buɗe min, tun farkon kaka yake rubuta lita nawa injin ke fitarwa a minti da filtra zalla, da zafin ruwan a gefe tunda ruwan sanyi ya fi nauyin ratsawa. Abin ya tsaya min a rai sosai don amanar mutum ce a hannuna. Tun ranar ni ke cika littafin, da na ga lambar ta fara sauka ba na jiran gobe.

Makon jiya muka yi wankin ƙarshe, muka zaro membiren ɗin guda guda muka saka a bututun ajiya cikin ruwan maganin metabaisalfait mai hana ƙwayoyin cuta, muka kai ɗakin da ba ya daskarewa, don in ya bushe ko ƙanƙara ta kama shi an yi asara, sai baɗi kuma a ɗauraye shi sosai kafin ya ga ruwan itace.

Yanzu kai abin da nake so, ka samu littafi ko na ɗari biyu ne ka fara rubuta abin da injinku ke fitarwa kullum, ka turo min hoton matacin gaba in kun cire shi, in ya yi ja kamar tsatsa to ƙarfe ne a ruwan burtsatsenku kuma wankin tsami yake so. Ka kuma tambayi mai gidan ruwan yaushe rabon da a wanke membiren ɗin da magani. Na ajiye maka gwangwani biyu na maɗin farkon kaka mai haske, ɗaya na Hajiya ne ta gwada a kunun gyaɗa, duk wanda zai taho gida zan ba shi.

Ka gaida mutanen majalisa gaba ɗaya.

Naka har kullum,
amininka na Kanada