Robar hana minshari magani ce, amma sai an yi gwaji an kuma auna bakin mutum

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi bayani kan wata roba da ake ta tallatawa a Facebook da WhatsApp, wai a sa ta a baki da dare minshari ya ɗauke. Mu ma'aikatan lafiyar haƙori ne a nan Sakkwato. Dabarar gaskiya ce, likitoci na aiki da ita a duniya, amma sayar da ita kamar maganin ciwon kai, ba gwaji ba awo, yana iya lalata haƙoran mutum ya kuma ɓoye masa cutar da ke cin zuciyarsa.

Ba kowane minshari ne cuta ba. Wanda muke nufi shi ne mai yanke numfashi. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da gindin harshe su kan saki, su faɗa baya su toshe hanyar iska. Yawanci uwargida ce ke fara lura: maigida na ta jan minshari, sai ya yi tsit kamar babu rai, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, can sai ya zabura da shaƙewa ya ci gaba. Ɗaukewar da ta kai daƙiƙa 10 ita ake ƙirgawa a gwajin barci (inda mutum ke kwana da na'urar da ke auna numfashinsa), tare da lokutan da numfashin ya ragu sosai. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya ƙaramar cuta ce, 15 zuwa 30 matsakaiciya, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani ce. Kowace ɗaukewa tana rage iskar oksijin a jini, ta sa zuciya ta yi tsalle. Shi ya sa cutar ke tafiya da hawan jinin da ya ƙi jin magani, da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki. Mai ita yakan tashi da ciwon kai, ya yi ta fitsarin dare, ya yi gyangyaɗi a ofis ko ana tsakar huɗuba. Idan direban babbar mota ne a hanyar Gusau ko ta Illela, gyangyaɗin nan rayukan jama'a ne.

Maganin da ya fi ƙarfi shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sidni ta Ostareliya a 1980. Tana hura iska ta takunkumin hanci duk dare. Tana aiki ƙwarai, sai dai tana son wutar da ba ta ɗaukewa, kuma kowa ya san halin wutarmu. Wanda ba shi da sola ko inbata, ga zafin Afrilu da Mayu, da wuya ya kwana da takunkumi a fuska. A nan robar baki take da amfani gare mu: ba ta cin wuta, tana shiga aljihu, ana tafiya da ita kasuwa ko aikin Hajji. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka fitar a 2015 ta yarda da ita ga babban mutum da ya kasa jure CPAP ko ya fi son wata hanyar, ta kuma fifita wadda likitan haƙori ya auna ya ƙera, mai yiwuwar a ƙara ko a rage, a kan ta kanti. Robar ta fi yin aiki ga ƙaramar cuta da matsakaiciya.

Ga yadda take. Faranti biyu ne na roba mai tauri, ɗaya ya hau haƙoran sama ɗaya na ƙasa, an haɗa su da ɗan kusa mai murɗawa ko maɗauri a gefe. Aikinta ta riƙe muƙamuƙin ƙasa ya ɗan turo gaba. Tunda harshe a jikin muƙamuƙin yake, sai ya biyo shi, bayan maƙogwaro ya buɗe.

Kafin a ƙera ta likita zai duba baki sosai. Ana son a ƙalla lafiyayyun haƙora 8 zuwa 10 a sama, haka ma a ƙasa, domin su ne za su ɗauki nauyin jan muƙamuƙi na awa shida ko bakwai kullum. Haƙori mai girgiɗi, dasashi mai zubar jini, kogon da ba a cike ba, duk sai an gyara su tukuna. Wannan mataki na kayar da mutane da yawa a wajenmu, don akasari ba a zuwa asibitin haƙori sai ciwo ya hana barci. Za a duba gaɓar muƙamuƙi da ke gaban kunne, a kuma auna iyakar turo haɓa. Wanda bai iya turo ta milimita 5 ba, da wuya robar ta amfane shi. Daga nan a ɗauki siffar haƙoran, a ƙera robar a kan rabi zuwa kashi 70 cikin 100 na iyakar turowar. Ba a farawa da ƙarshe. Bayan an saba da ita sati biyu zuwa huɗu, sai a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, rabin milimita ko milimita ɗaya, har minshari da gyangyaɗin rana su lafa. Wanda ya yi gaggawar murɗa kusan da kansa, shi ne ke wayar gari ya kasa tauna tuwo saboda ciwon muƙamuƙi.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne sake gwajin barci da robar a baki. Minshari na iya ɗaukewa alhali numfashi na ci gaba da yankewa. Gida ya samu shiru, kowa ya ce an warke, hawan jini kuwa na nan yana ɓarna. Wajen mutum ɗaya cikin uku robar ba ta wadatar da shi, kuma gwaji kaɗai ke nuna shi. Babban laifin robar intanet ke nan, wadda ake tsoma wa a ruwan zafi a ciza: ba wanda ya san girman cutar kafin a sa ta, ba wanda ya duba bayan an sa. Ga shi ba ta kama haƙora da kyau, takan faɗo cikin dare, ko ta ɗora nauyin duka kan haƙoran gaba.

Ko wadda aka auna tana da nata wahalhalun. Makonnin farko miyau kan yi yawa ko baki ya bushe, haƙora su yi tsami, da safe a ji cizo bai zauna daidai ba. Na cizon yakan wuce cikin rabin awa zuwa awa, musamman idan an ciji ɗan faifan daidaita cizo da likita ke bayarwa na minti 10 zuwa 15. Na dogon lokaci shi ne haƙora su gusa a hankali cikin shekaru, na ƙasa su karkato gaba, na sama su koma baya, mai ita bai ma lura ba. Don haka a koma wurin likita duk wata shida a shekarar farko, sannan sau ɗaya a shekara. Ƙiba ta ƙaru, ko an cire haƙori, to sai an sake dubawa.

A wanke baki da buroshi ko asuwaki kafin a sa ta, masu cin goro su ƙara kula. Ita kuma a wanke ta da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi da buroshi mai laushi. Ruwan zafi na lanƙwasa ta, man goge baki na kankare ta. Kada a bar ta cikin mota a rana, zafin garin nan kan wuce digiri 40. Lokacin hunturu, idan ƙura ta toshe hanci, a nemi maganin hancin, don mai barci da baki buɗe muƙamuƙinsa na komawa baya.

Muna roƙon iyaye kada a sa wa yara wannan roba. Minsharin yaro yawanci kumburin ƙululun maƙogwaro ne ko naman bayan hanci, aikin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Haka kuma kai mutum wurin wanzami a cire hakin wuya ba ya maganin wannan cuta, sai dai zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Rage ƙiba, kwanciya a gefe maimakon rigingine, da barin ƙwayoyin sa barci da maganin tari mai kodin, duk suna ƙara wa robar ƙarfi.

Kiranmu ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da manyan asibitocinmu, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne a wadata ƙananan na'urorin gwajin barci masu batir da majiyyaci zai kwana da su a gida, a kuma sa tambayar minshari da gyangyaɗi cikin abin da ake tambayar duk mai zuwa asibitin hawan jini da na suga.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar haƙori,
Sakkwato.